Gyaran Tsofaffin Magudanun Ƙazanta: Darasi Daga Birnin Landan

An shirya wannan darasi domin iyayenmu hakimai da malamansu masu riƙe da littattafan gunduma. Zancensa kuwa shi ne magudanar ƙazanta, watau hanyar da ruwan wanka da na wanki da na bayan gida ke bi ya fita daga gari. Ba zance ba ne mai daɗin ji a zaure, muna neman gafara tun da fari, amma duk garin da ke ƙaruwa sai ya zo kansa, ko da shiri ko babu shiri. Mun ɗauki labarin birnin Landan na ƙasar Ingila don a can an yi wannan aiki har sau biyu, tsakaninsu shekara 150 da ɗoriya, kuma an rubuta lissafinsa duka: yawan mutane, da yawan kuɗi, da yawan waɗanda suka rasu kafin a tashi a yi.

Yadda garin ya ke kafin aikin farko

A shekarar 1801 mutanen Landan kimanin miliyan 1 ne. Kafin 1851 sun haura miliyan 2. Masai su ke da shi kamar namu, rami a ƙarƙashin gida ko a bayansa, an ƙiyasta ramukan sun kai 200,000. In rami ya cika sai masu kwasa su zo da dare su ɗebe, su kai wa manoman bayan gari su saya don taki. Akwai lambatu a garin, amma na ruwan sama ne kaɗai, don har zuwa 1815 doka ta hana a zuba ƙazantar gida a cikinsu. Waɗannan lambatu suna bin tsofaffin ƙoramun da aka rufe da gini, su gangara su zuba cikin Kogin Tems, wanda ya raba garin biyu.

Wannan tsari ya yi aiki muddin garin na ƙarami. Da ya faɗaɗa sai gonaki suka yi nisa, kuɗin kwasa ya hau, talaka ya bar raminsa ya tumbatsa. Daga wajen 1840 kuma aka fara shigo da takin kashin tsuntsaye daga ƙasar Peru, manoma suka juya wa takin gari baya. Sa'an nan ga masu hali sun soma sa bayan gida irin na ruwa, wanda a kan kora da ruwan famfo, shi kuwa ya kan cika rami cikin ɗan lokaci. Sabo da haka hukumar magudanai da aka kafa a 1848 ta sa aka yi ta toshe ramukan, ana haɗa ko wane gida da lambatu. Niyyarsu mai kyau ce, suna so su raba mutane da ƙazantar da ke ƙarƙashin ɗakunansu. Amma lambatun nan Tems su ke zuba, kamfanonin ruwa kuwa da dama daga Tems su ke ɗiban abin da su ke sayar wa mutane su sha.

Akwai kuma wani abu da mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba. Landan tana kusa da teku, ruwan teku kuwa ya kan cika ya janye sau biyu ko wace rana. In ya cika sai ya tokare kogin ya maido da shi baya. Watau abin da aka zuba da safe ba ya wucewa, sai ya yi ta kai da komowa a tsakiyar gari.

Cutar amai da gudawa, wadda a ke kira kwalara, ba ta jima ba ta sami wurin zama. A 1832 ta kashe mutum fiye da 6,000 a Landan. A 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da 14,000, a 1853 zuwa 1854 kuma fiye da 10,000. A wannan zuwa na uku ne wani likita, John Snow, ya bi gida gida a unguwar Soho yana rubuta inda aka yi mutuwa da inda mamacin ke ɗiban ruwa. Sai ya ga yawancinsu rijiya ɗaya su ke sha, mai famfon hannu, a titin da a ke kira Broad Street. Ya roƙi dattawan unguwar suka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona sai aka iske ramin masai na wani gida yana tsiyaya dab da rijiyar. Malamai su lura da wannan: ba da wata na'ura likitan nan ya gano asirin ba, da alƙalami ne da takarda da tambaya.

Duk da haka manyan ƙasar ba su yarda da maganarsa ba. Su a ganinsu wari ne ke kawo cuta. Warin ne kuma ya tashe su. A bazarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, kogin ya ja baya, ɗoyi ya game gari. Majalisar Dokokin Ingila a bakin kogin ta ke, har aka riƙa jiƙa labulen tagoginta da ruwan magani don wakilai su iya zama. Shekaru ana gardama a kan wa zai biya, amma da warin ya shiga hancin masu yin doka, cikin kwana 18 aka gama dokar. Ta ba Hukumar Ayyukan Birni iznin cin bashin fam miliyan 3, a biya cikin shekara 40 da wani ɗan haraji da aka ɗora wa gidaje. Kun ga ke nan an yi aikin gaskiya bisa dalilin da ba daidai ba, Allah kuma ya sa aka dace.

Aikin Bazalgette

Babban injiniyan hukumar, Joseph Bazalgette, shi ya tsara aikin, aka fara a 1859. Dabararsa ba ta da wuyar fahimta. Tun da tsofaffin lambatu duk gangarowa su ke yi zuwa kogi, sai ya gina waɗansu manya da suka gitta musu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da kogin, uku a arewa, sauran a kudu. Ko wace ƙaramar magudana in ta gangaro sai babbar ta tare ta, ta ɗauke abin da ta kawo ta yi gabas da shi, har bayan gari. Tsawon manyan ya kai mil 82, na ƙananan da aka gina a tituna kuwa kimanin mil 1,100. Tubalin da aka ƙona aka sa ya kai miliyan 318.

Waɗansu ƙananan abubuwa cikin aikin sun cancanci a tsaya a kansu, don su ne suka sa ya yi ƙarko. Da yawa daga magudanun an yi su da siffar ƙwai, tsinin na ƙasa, domin ko ruwa ya yi kaɗan ya taru a matsattsen wuri ya yi gudu ya share kansa. An ba manyan gangara ta kimanin ƙafa 2 cikin ko wane mil. Inda ƙasa ta yi kwari har ruwa ba zai gangara da kansa ba, aka gina gidajen injin ɗaga ruwa, kamar na Crossness da aka buɗe a 1865 da na Abbey Mills a 1868. Simintin da aka yi aiki da shi sabon abu ne a lokacin, Bazalgette kuwa bai yarda da bakin mai sayarwa ba, ko wane kaya aka kawo sai an gwada ƙarfinsa kafin a karɓa. Mafi muhimmanci duka, bai auna aikin da mutanen da ke garin ran nan ba. Ya auna shi da kimanin mutum miliyan 4, alhali garin bai kai haka ba tukuna.

Shaida ta zo a 1866. Kwalara ta sake komowa ta kashe fiye da mutum 5,000, amma galibinsu a gabashin garin ne, inda ba a gama haɗa sababbin magudanun ba, kuma kamfanin ruwan wajen ya ba mutane ruwan da ba a tace ba. Daga wannan ba a ƙara yin annobar kwalara a Landan ba.

Aikin yana da nakasa, kada a ɗauka babu. Da fari ba a tace ƙazantar, tara ta a ke yi a Beckton da Crossness a sake ta cikin kogi sa'ad da ruwan teku ke janyewa. A 1878 wani jirgin ruwa na fasinja ya nutse kusa da wurin, mutum fiye da 600 suka halaka cikin wannan ruwa. Bayan haka ne aka soma raba dauɗar da ruwan kafin a sake shi. Fitar da ƙazanta bayan gari rabin aiki ne, don bayan garin wani ƙofar gidan wani ne.

Abin da ya tsufa

To, ga inda darasin ya ke. Magudanun Bazalgette har yau suna aiki, tubalinsu bai ruɓe ba. Abin da ya tsufa shi ne awonsu. An ɗinka wa yaro riga da yalwa, ya sa ta shekara da shekaru, ya zama ƙato, rigar ba ta yage ba amma ba ta shigarsa.

Bututu ɗaya ne ke ɗaukar ƙazantar gida da ruwan sama gaba ɗaya. Bazalgette ya san wata rana za a yi ruwan da zai fi ƙarfinsa, sabo da haka ya bar ƙofofi fiye da 50 a bakin kogi, domin in bututu ya cika rarar ta fita ta nan maimakon ta komo cikin gidaje. An yi su ne don ranar tsanani, sau kaɗan a shekara. Amma mutanen Landan yanzu sun kai kimanin miliyan 9. Filaye da lambuna da ke shanye ruwan sama an shafe su da kwalta da siminti, ko wane ɗigo sai ya nemi lambatu. Aka kai ga yayyafin da bai wuce milimita 2 ba ya kan isa ya buɗe waɗansu ƙofofin. Abin da aka shirya don ranar tsanani ya zama na ko wane mako, har aka ƙiyasta a wancan lokaci tan miliyan 39 na gurɓataccen ruwa ke shiga Tems a shekara. A watan Agusta na 2004 ruwa guda ya kashe dubban kifaye. A 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa Ingila ta saɓa dokar tsabtace ruwan birane.

Sai aka koma aiki na biyu. Ba a rushe na Bazalgette ba, an yi masa irin abin da shi ya yi wa na gabaninsa, watau aka gina wata babbar da za ta tare rarar. Da fari aka haƙa ramin Lee, mai tsawon kimanin kilomita 7, daga Abbey Mills zuwa matatar Beckton, aka buɗe shi a 2016. A wannan shekarar kuma aka fara babban, wanda a ke kira Tideway. Tsawonsa kilomita 25, daga Acton a yamma zuwa Abbey Mills a gabas, yawancinsa a ƙarƙashin kogin kansa. Faɗinsa mita 7.2, zurfinsa daga kimanin mita 30 a yamma har ya haura 60 a gabas. In aka yi ruwa rarar ta kan faɗa ciki ta jira, in sama ta ɗauke injuna su ɗaga ta zuwa matata sannu sannu. An gama haɗa shi a 2025, kuɗinsa ya haura fam biliyan 4, masu biyan kuɗin ruwa ne kuma ke biyansa kaɗan kaɗan cikin takardar ko wace shekara.

Me ya sa aka nutsa ƙasa haka? Don babu wuri a sama. Bazalgette ya sami bakin kogi da tituna ya tona. Jikokinsa sun iske ko'ina gini, ƙarƙashin tituna kuma cike da hanyoyin jirgin ƙasa da bututun ruwa da na gas da wayoyin lantarki. Tilas suka bi ta ƙarƙashin duka. Waɗansu masana ma sun yi gardama cewa da an kashe kuɗin wajen raba ruwan sama da ƙazanta, da buɗe filayen da za su shanye ruwa, da ya fi. Aka ba su amsa cewa a garin da ya riga ya cika wannan sai an tone kusan ko wane titi. Ko wane ɓangare ya fi gaskiya, maganarsu ta taru a wuri ɗaya: abin da ya fi tsada cikin gyaran magudana shi ne wurin da za ta bi, in an bari gini ya riga ta.

Mu kuma fa?

Wani zai ce ina ruwan hakimi da ramin Landan, tun da garuruwanmu ba su da irin waɗannan bututu. Gaskiya ne, in ban da sassan Abuja da ke zuba wa matatar Wupa, da 'yan unguwanni da makarantu nan da can, yawancinmu masai ne da sokawe da kwata a buɗe. Amma tsohuwar magudana muna da ita, ita ce wuriya da kwata da lambatu da kwalbati da ƙorama da kududdufi, an kuma yanka su ne daidai jikin garin da.

Ku dubi Kano. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta 30,000. A ƙidayar 1952 kimanin 130,000 ne. Yau ana zancen miliyan 4. An kawo ruwan famfo daga Challawa a 1931, bayansa ga rijiyoyin burtsatse ko'ina, ga bayan gida na ruwa a sababbin gidaje. Duk ruwan da ya shiga gari kuwa sai ya fita. Jakara wadda ta ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi ita ke ɗauke da kaya mai yawa, kamar yadda ƙoramun Landan suka ɗauka kafin 1858. Abin da ya sami Kano shi ke samun ko wane garin gunduma da aka kai wa kwalta da kasuwa da makaranta, sai dai a ƙaramin ma'auni. Cutar ma ba ta bar mu ba: a 2021 an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da a ke zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

A wani fanni namu ya fi nasu wuya. Ruwan saman Kano ya fi na Landan yawa a shekara, ga shi kuma nasu yayyafi ne a warwatse cikin wata goma sha biyu, namu kuwa cikin wata huɗu ko biyar ya ke sauka, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. In bututu ɗaya ya gagari Landan, mu ya fi gagararmu. Sabo da haka duk inda aka zo da shirin sabuwar magudana, tambayar farko da ya kamata hakimi ya yi ita ce, an raba hanyar ruwan sama da ta ƙazanta? Ta biyu kuma, mutum nawa aka auna, na yau ko na shekara 30 masu zuwa?

Zancen kududdufi yana bukatar a yi shi da hankali. Kakanninmu sun haƙa su don ƙasar gini, amma sun zama ma'ajiyar ruwan damina, suna riƙe shi har ya tsiyaye. In kun duba da kyau, ramin Tideway ba wani abu ba ne illa kududdufi na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka saya da fam biliyan 4. Mu kuwa muna da namu kyauta, muna cike su da shara muna yanka fuloti. Ran da aka gina kan kududdufi, ruwan da ya saba kwana ciki ba ya fasa zuwa, sai dai ya kwana a ɗakin maƙwabci. Ba kuma cewa a ke yi a bar su yadda su ke ba, don kududdufin da a ke zuba wa bayan gida da juji gidan sauro ne da cuta. Abin da ya dace shi ne a hana zuba ƙazanta ciki, a yi masa mafita, a shata iyakarsa a rubuce.

Rabon hakimi da malaminsa

Gina magudana ba aikin hakimi ba ne. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wannan ya koma hannun ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha, dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasar birane a hannun gwamna. Amma har yanzu a wurare da yawa cinikin fili ba ya ƙarewa sai mai unguwa ko dagaci ya shaida, kuma babu safiyon da ya san inda ruwa ke bi kamar dattijon da aka haifa a unguwar. In hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni kada su sa hannu a cinikin da ya hau hanyar ruwa ko bakin kududdufi, ya tanadar wa gundumarsa abin da Landan ta rasa. Tun ran gini ran zane. Hana mutum kafa harsashi magana ce ta yini ɗaya, rushe masa gida bayan ya tare kuwa shari'a ce da diyya da gaba ta shekaru.

Malamin hakimi kuma sai ya buɗe littafi na musamman don wannan. Ya rubuta ko wace hanyar ruwa da sunanta, daga inda ta taso zuwa inda ta zuba, da ko wane kwalbati da faɗinsa, da kududdufan da ke nan da waɗanda aka cike da shekarar da aka cike su. Ko wace shekara ya ƙara yawan sababbin gidajen ko wace unguwa, da nawa ne cikinsu ke da bayan gida na ruwa, don wannan shi ne lissafin da injiniya zai auna bututu da shi, ba kuwa zai same shi a ofishinsa ba. Tare da duba-gari ya lura da rijiyoyin da ke kusa da masai. Abin da a ke so tsakaninsu kada ya gaza ƙafa 100, watau mita 30, rijiyar kuma ta kasance ta wajen tudu. Ya kuma bincika inda motocin kwasar sokawe ke juye kayansu, don sau da yawa cikin dare a ƙorama su ke yi, ƙoramar da masu lambu ke ban ruwa da ita a gaba.

Lokacin wannan zagaye shi ne watan Agusta, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, kafin ƙasa ta shanye shaida. A rubuta inda ruwa ya tsaya, da tsawonsa a jikin bango, da awa nawa ya yi kafin ya janye. A aika da kwafi ga ƙaramar hukuma kafin ta zauna kasafin kuɗin shekara mai zuwa, wani kwafin kuma ga majalisar sarki, a bar na asali a ofishin gunduma. Yashe kwata da lambatu kuwa a yi shi a watan Afrilu, kafin ruwan fari, abin da aka yaso kuma a kwashe shi ran nan, kada a tara shi a bakin kwatar ya jira ruwa ya maida shi.